Tarihin Jakadun Maiƙo da Masu Karɓar Saƙonsu

Masanan da suka yi bahasin jikin ɗan Adam a farkon ƙarni na ashirin sun kusa yin ijma'i a kan cewa kitse, da duk wani maiƙo da ke cikin jiki, ba shi da aiki sai guda biyu, wato ya zama tanadin da jiki ke ɓoyewa domin ranar yunwa, ya kuma zama kayan ginin siririn tantanin nan da ya kewaye kowace ƙwayar halitta ya raba cikinta da wajenta. Amma sha'anin umarni da hani, da kai labari daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna ganin ya fi ƙarfin maiƙo, aikin jijiyoyi ne da waɗansu sinadarai masu daraja. Abin da za mu ba da tarihinsa a nan shi ne yadda wannan zato ya rushe sannu a hankali, cikin shekara sittin da 'yan kai, a hannun mutanen da galibinsu ba abin da suka fita nema ke nan ba.

Ishara ta farko ta zo a shekarar 1929 daga Jami'ar Minnesota ta Amurka, inda George Burr da matarsa Mildred suka ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame masa mai ƙarƙaf, suka kuma wadata su da duk sauran abin da aka sani jiki na bukata. Duk da haka girman ɓerayen ya tsaya, fatarsu ta yi saɓa, wutsiyoyinsu suka lalace, ƙodarsu ta kamu, har suka riƙa mutuwa, alhali ɗan ɗigon wani nau'in mai da ake kira asid linoleyik, wanda yake da yawa a man gyaɗa da man riɗi da man auduga, ya isa ya dawo musu da lafiya. Mas'alar da ta taso ita ce, mene ne jiki ke yi da ɗan abin da bai kai a ƙona shi a samu ƙarfi ba? Sai da aka shekara talatin da biyar kafin a sami amsa, ta wata hanya kuma da ba wanda ya yi tsammani.

A 1930 waɗansu likitoci biyu na Jami'ar Columbia da ke birnin New York, Raphael Kurzrok da Charles Lieb, suka ɗauki 'yan yanka na tsokar mahaifa da aka cire wa mata wurin tiyata, suka ɗiga musu maniyyi, sai suka ga abin da ya ɗaure musu kai, domin wata tsokar tsukewa ta yi, wata kuwa ta saki. Ba a jima ba Maurice Goldblatt a Ingila da Ulf von Euler a cibiyar Karolinska ta birnin Stockholm, kowanne yana aikinsa shi kaɗai, suka tabbatar akwai wani abu a cikin ruwan nan mai saukar da ƙarfin bugun jini, mai kuma motsa tsokar hanji da ta mahaifa. Von Euler ya nuna cewa abin daga dangin maiƙo yake, ya kuma raɗa masa suna furostagilandin a 1935, bisa zaton daga furosteti yake fitowa, wato halittar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Daga baya aka gane waɗansu 'yan jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara suke yin sa, amma suna ya riga ya bi shi. Shi kansa von Euler hankalinsa ya koma kan sinadarin jijiyoyi noradirenalin, wanda saboda shi ya sami kyautar Nobel a 1970, maganar furostagilandin kuwa ta kwanta shekara goma.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ya damƙa amanar ga wani matashin masanin sinadarai, Sune Bergström, wanda Allah ya hore wa irin haƙurin da aikin ke bukata. Wahalar kuwa ita ce abin ɗan mitsitsi ne ƙwarai a cikin nama, ga shi da saurin lalacewa, sai da aka yi ta tara jakunkunan nan na raguna daga mayankan arewacin Turai ana tacewa ana sake tacewa, har a 1957 shi da Jan Sjövall suka sami tsantsar nau'i biyu, waɗanda aka yi wa lamba da harufan E da F. A 1962, da taimakon almajirinsa Bengt Samuelsson da na'urar da Ragnar Ryhage ya ƙera mai auna nauyin gutsattsarin sinadari, suka bayyana siffarsa, cewa jeri ne na zarrar kabon 20, biyar daga ciki sun naɗe sun yi zobe. Duk wanda ya san dangin mai, da ya dubi wannan siffa zai ga kamanninta da asid arakidonik, wanda jiki ke sarrafawa daga linoleyik ɗin nan na Burr. A 1964 kuwa jama'ar Bergström a Suwidin da ta David van Dorp ta kamfanin Unilever a Holan suka kafa hujja, kowacce daban, cewa daga shi ake yin furostagilandin.

Daga nan tsarin al'amarin ya fara fitowa fili. Asid arakidonik a jikin tantanin ƙwayar halitta yake saƙe, yana cikin ginin. Idan ƙwayar ta ji rauni, ko wani abu ya tsokane ta, sai wani inzayim ya gutsuro shi, wani kuma ya juya shi ya zama furostagilandin nan take, ya fita ya yi aiki a kan maƙwabta na kusa, sannan a halaka shi. Ba a tara shi a ajiye, ba ya kuma cin dogon zango, don kuwa wanda ya faɗa cikin jini huhu yakan lalata kusan dukkansa a zagaye ɗaya. Aka kuma gane ba a maniyyi kaɗai yake ba, da wuya a sami gaɓar da ba ta yin sa. Tun a 1968 Sultan Karim, a Jami'ar Makerere ta Kampala a Yuganda, ya fara amfani da nau'in F wajen tayar wa mata naƙuda.

To, a nan tarihin ya haɗu da na wani magani da kowa ya sani. Kamfanin Bayer na Jamus ya fito da asfirin kasuwa a 1899, duniya kuma ta shekara saba'in tana haɗiyarsa domin ciwon kai da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ba tare da likita ɗaya ya iya faɗin yadda yake aiki ba, ko dalilin da ya sa maganin da ke kashe ciwo yake kuma cin ciki yana hana jini tsayawa. A Kwalejin Likitocin Tiyata ta Landan akwai wani malami, John Vane, mai wata dabara wadda a ido ba ta da kwarjini: yakan rataye 'yan yanka na tsokar dabbobi iri-iri, tumbin ɓera da hanjin kaza da jijiyar zomo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya sa jini ko ruwa ya kwarara a kansu, kowace tsoka ta tsuke ko ta saki gwargwadon abin da ta ji, alƙalami yana zana motsinta a takarda. Fa'idar wannan dabara ita ce takan kama abin da ke rayuwa 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, wanda kafin a kai shi ɗakin awon sinadarai ya riga ya ɓace. A 1969 shi da Priscilla Piper suka ga huhun ɓeran Masar na fitar da wani abu mai tsuke babbar jijiyar zomo, asfirin kuma yana hana fitarsa. A 1971 Vane ya niƙa huhun ɓeran Masar, ya zuba masa asid arakidonik, ya nuna cewa asfirin da 'yan'uwansa suna hana a yi furostagilandin tun daga tushe. Da wannan sababi guda aka warware amfanin maganin da illarsa gaba ɗaya, domin furostagilandin ne ke kumbura wurin rauni, shi ke ƙara wa jijiyoyin jin zafi kaifi, kamar yadda Sérgio Ferreira ɗan Barazil ya nuna, shi ke ɗaga zafin jiki, shi ne kuma ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi daga tsaminsa.

Shekarun da suka biyo baya zuri'ar asid arakidonik ta yi ta yaɗuwa. A 1975 Samuelsson da Mats Hamberg suka gano turomboksan, wanda ƙananan ƙwayoyin nan masu daskarar da jini ke yi, mai tara su wuri ɗaya ya kuma tsuke jijiya, wanda rabinsa ke lalacewa cikin daƙiƙa talatin. Shi ne galibin abin nan da Piper da Vane suka gani. Shekara ɗaya bayan haka Vane da Salvador Moncada da abokan aikinsu suka gano kishiyarsa, furostasaikilin, wanda bangon jijiyar jini ke yi, mai hana ƙwayoyin haɗuwa yana buɗe jijiya. Uwa ɗaya ta haife su, inzayim ɗaya ya fara sarrafa su, amma ɗaya na ɗaurewa ɗaya na kwancewa, gudun jini lafiya a jiki kuwa ya rataya a kan daidaituwar mizani tsakaninsu. Hikimar ba mai ciwon zuciya ɗan ƙaramin asfirin kullum daga nan ta fito: ƙwayoyin daskarar da jini ba su da cibiyar da za su sake ƙera inzayim ɗin da asfirin ya kashe, sai su zauna haka har ƙarshen rayuwarsu ta kwana bakwai zuwa goma, shi kuwa bangon jijiya yakan sabunta nasa. Wani reshe na zuri'ar, wanda Feldberg da Kellaway suka fara hango alamarsa a Melbourne tun 1938 sa'ad da suka zuba dafin gamsheƙa cikin huhun dabba, shi ma Samuelsson ya fayyace shi a 1979 ya kira shi lukotirayin, mai shaƙe hanyoyin numfashin masu asma. A 1982 aka ba Bergström da Samuelsson da Vane kyautar Nobel, da yawa kuma suka ɗauka labari ya ƙare.

Alhali rabinsa ne aka ji. An san jakadu, wato waɗannan sinadarai na maiƙo, an san inda ake yin su da yadda ake hana yin su, amma ba wanda ya ga wanda suke kai wa saƙon. Tun 1905 John Langley na Jami'ar Cambridge, da ya ga yadda nikotin da dafin kurare ke jayayya a kan tsoka ɗaya, ya yi ƙiyasin cewa dole akwai wani abu a jikin ƙwayar halitta mai karɓar magani, wanda za mu kira makarɓi. Sai dai an daɗe ana ɗaukar wannan magana a matsayin lissafin takarda. Game da maiƙo kuwa shubuhar ta fi ƙarfi, kuma a ganina masu shakka ba su yi wauta ba. Hujjarsu ita ce, sinadarin da ke narkewa a ruwa ba ya iya ƙetare tantanin mai, saboda haka tilas ya tsaya a waje ya nemi wasiɗa. Amma maiƙo me zai hana shi ratsa ɗan'uwansa maiƙo? Ga shi an riga an ga homon ɗin mata, wanda shi ma dangin mai ne, yana shigewa har cikin ƙwayar halitta ya sami makarɓinsa a can. Sannan ko an so a gwada, maiƙo ɗabi'arsa manne wa komai, ya manne wa kwalba ya manne wa tantani, ba a iya rarrabe kamun gaskiya da na banza.

Haske ya zo ne daga masu binciken adirenalin da makamantansa. Martin Rodbell da Alfred Gilman, waɗanda aka ba Nobel a 1994, suka gano furotin ɗin da ake kira G, mai zama a cikin tantani ta ɓangaren ciki; a 1986 kuma jama'ar Robert Lefkowitz, cikinsu har da Brian Kobilka, suka tsamo ƙwayar gadon makarɓin adirenalin, aka ga furotin ne dogo da ya ratsa tantani sau bakwai, kansa a waje, ƙafarsa a ciki. Misalin abin kamar birni ne mai ganuwa: jakada ya iso, bai shiga ba, ya tsaya ya faɗa wa Sarkin Ƙofa, wato makarɓi, shi kuma ya juya ya tashi ɗan aikensa na cikin gari, wato furotin G, ɗan aiken ya ruga ya tayar da jama'a, saboda haka abin da zai faru a gari ya danganta ga ƙofar da jakadan ya tsaya da kuma wanda mai ƙofar ya saba aikawa. Yau an san jikin mutum na da irin waɗannan makarɓa wajen 800, kuma kusan sulusin magungunan da ake sha ta kansu suke aiki.

Su masu furostagilandin sun fara da ƙiyasi ne kafin gani da ido. A 1982 Ian Kennedy da Robert Coleman da abokansu na kamfanin Glaxo a Ingila, bayan sun gwada sinadarai masu yawa a kan tsokoki masu yawa, suka ce lallai kowane babban nau'i yana da makarɓinsa, suka jera su biyar, suka kuma ƙara da cewa nau'in E ya fi makarɓi ɗaya. Tahƙiƙin wannan ya zo daga Jami'ar Kyoto ta Japan, inda Shuh Narumiya da almajiransa suka tace makarɓin turomboksan daga ƙwayoyin jinin mutum, a 1991 kuma suka tsamo ƙwayar gadonsa, sai ga shi ya ratsa tantani sau bakwai kamar na adirenalin. Cikin 'yan shekaru suka fito da sauran, takwas jimla, huɗu daga ciki na furostagilandin E ne shi kaɗai. A nan ne abin da ya ɗaure wa Kurzrok da Lieb kai ya sami bayani. Makarɓi na ɗaya, EP1, idan aka taɓa shi yakan sa kalsiyam ya cika ƙwayar halitta, tsoka ta tsuke. Na biyu da na huɗu sukan ɗaga wani ɗan aike na ciki mai suna AMP mai zobe, tsoka ta saki. Na uku kuwa saukar da shi yake yi. Ashe sinadari ɗaya na iya zuwa da umarni biyu masu karo da juna, hukuncin yana ga irin makarɓan da tsokar ta fi yawa da su a wannan lokaci.

Jama'ar Kyoto ba su tsaya nan ba, suka shiga samar da ɓerayen da aka cire wa makarɓi ɗaya-ɗaya tun daga gado, don a ga abin da kowanne ke riƙe da shi, sakamakon kuwa ya fi kowace muhawara yanke hukunci. A 1997 aka ga ɓerar da ba ta da makarɓin nau'in F takan ɗauki ciki lafiya, 'ya'ya su girma, amma naƙuda ba ta zuwa mata. Wanda ba shi da makarɓin furostasaikilin jininsa ya fi saurin daskarewa a jijiya, kuma bai cika jin zafin kumburi ba. A 1998 aka ga wanda aka cire wa EP3 ba ya yin zazzaɓi ko an yi masa allurar abin da ke kawo shi. Wato zazzaɓin da ke kwantar da ƙato, asalinsa ɗan maiƙo ne da ya sauka a kan makarɓi ɗaya a wani lungu na ƙwaƙwalwa mai kula da zafin jiki.

Irin wannan labari ya maimaitu a wani fage, sai dai a juye, don a can makarɓin aka fara samu kafin jakadan. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni sun tsamo sinadarin da ke sa maye a tabar wiwi tun 1964, an kuma daɗe ana cewa narkewa kawai yake yi cikin tantanin ƙwaƙwalwa ya hargitsa shi, har Allyn Howlett da William Devane suka nuna yana da makarɓi a 1988, aka tsamo shi a 1990. Tun da ba zai yiwu a ce an halicci makarɓi a jikin mutum domin ganye ba, aka shiga neman na cikin gida, a 1992 kuma Mechoulam da Devane da Lumír Hanuš suka samo shi a ƙwaƙwalwar alade a birnin Ƙudus, suka kira shi anandamaid. Da aka duba, sai ga shi shi ma ɗan asid arakidonik ne.

Sanin jakadu ba tare da kiyaye mizaninsu ba ya jawo hasara mai girma. A 1991 aka gano inzayim ɗin da asfirin ke kashewa iri biyu ne, na farko yana nan kullum yana kare tumbi, na biyu yakan taso lokacin kumburi. Sai kamfanoni suka yi rige-rigen ƙera maganin da zai kashe na biyun kaɗai, ya kawar da ciwo bai ci ciki ba. Garret FitzGerald na Jami'ar Pennsylvania ya yi gargaɗi tun 1999 cewa irin wannan magani yana rage furostasaikilin ya bar turomboksan da ƙarfinsa, amma kasuwa ta riga ta buɗe. Kamfanin Merck ya sayar da Vioxx ga miliyoyin mutane, sai a watan Satumba na 2004 ya janye shi, bayan gwaji ya tabbatar yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani maganin kuwa alherinsa ta inda ba a nufa ba ya ɓullo. Misofurostol, wanda aka ƙera da siffar furostagilandin E domin gyambon ciki, an tarar yana tsuke mahaifa da ƙarfi, tun da makarɓan da yake nema a tumbi akwai 'yan'uwansu a can. Kasancewarsa ƙwaya ce da ba ta bukatar firji ko mai yin allura ya sa ya dace da ƙauyen da haihuwa ke hannun ungozoma, Nijeriya kuma ita ce ƙasar da ta fara yi masa rajista domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunanta domin rigakafin wannan a 2011.

Saura ganin makarɓin da ido, wannan kuwa ya samu a 2012, shekarar da Lefkowitz da Kobilka suka karɓi tasu Nobel ɗin, sa'ad da jama'ar Raymond Stevens a cibiyar Scripps ta California suka fitar da cikakkiyar siffar makarɓin wani maiƙon daban, S1P, mai jagorantar fararen ƙwayoyin jini wajen fita daga kaluluwa. Abin mamaki, sai aka tarar bakinsa na waje a rufe yake da murfi, ga kuma wata 'yar kafa a gefe tana fuskantar cikin tantanin kansa, abin da ya nuna jakadan yakan fara nutsewa cikin mai ne sannan ya shiga makarɓin ta haƙarƙari. Ashe tsofaffin masu shakka suna da rabonsu na gaskiya, maiƙo yana ratsa maiƙo, illa dai makarɓi ne ke jiransa a can. Burin masu harhaɗa magani tun daga 1991 shi ne su daina kashe zuri'a duka kamar yadda asfirin ke yi, su nufi makarɓi ɗaya. An sami nasara a waɗansu wurare: latanofurost mai taɓa makarɓin F domin rage matsin ido ya fito a 1996, montelukas mai toshe makarɓin lukotirayin domin asma a 1998, seleksifag na hawan jinin huhu a 2015. A fagen kashe ciwo kuwa tafiyar ta yi nauyi, maganin farko mai toshe EP4 da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, a 2016, na karnuka ne masu ciwon gaɓoɓi.